Takardar da Na Hana a Karanta

Diffa, Laraba da dare, watan Sha'aban

Kwana uku matata Falmata tana haɗiyar maganin da ba na sha ba ne, kuma ni na jawo.

Da ƙaiƙayin nan da farin ruwan suka matsa mata, ungozomar asibiti ta rubuta mata magani, na sayo a farmasi. Takardar duk Faransanci ce. Falmata ta ce a kai wa Bukar maƙwabcinmu ya karanta mana. Bukar mai gonar tattasai a Chétimari, wanda in ya tsaya gaishe ta sai ka ce ba shi da wurin zuwa. Ni da na baro gonata a Damasak ina bin layin taimako, shi ne zan miƙa wa sirrin matata? Na ce ai ƙwaya ce, ta sha da ruwa.

Yau ta koma asibitin ita kaɗai. Ungozomar ta riƙe baki, ta ce na matsi ne, a gaba ake sa shi lokacin kwanciya. Ta ce ba wajen namiji ake ɗaukar ciwon ba, zafi da damshi ne, da sabulun da take wanke ciki da shi. Har wannan zargin na yi a zuciyata, Allah Ya yafe mini.

Da Falmata ta dawo ta ce, "Baban Yagana, wallahi kishinka ya fi maganin nan ɗaci."

Gaskiyarta ce, Bukar bai taɓa yi mini laifi ba. Amma ko gobe aka sake ba ni takardar, ban ce zan iya kai masa ba.