Na sa an cire wa mahaifiyata haƙorin Makka ba da saninta ba

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, Katsina ba ta da girman da mutum zai ɓuya, kuma akwai dangin mijina a nan. Don Allah ku ba ni shawara, yau nake buƙatarta ba gobe ba. Masu saurin zuwa su yi wa'azi ba su karanta har ƙarshe ba, ku riƙe abinku, kwana uku ke nan ina shan zagi a gidanmu, ya ishe ni.

Ni ce auta, ina koyarwa a firamare, ina aure a Ƙofar Marusa. Mahaifiyarmu Hajiya tana tsohon gidanmu na wajen Gobarau tare da babban wanmu da iyalinsa, Yaya muke ce mashi. Hajiya tana da haƙorin Makka guda ɗaya a sama ta dama, ta sa shi ne shekarar da sojoji suka miƙa mulki, lokacin da marigayi Baba ya kai ta aikin hajji. Duk wanda ya san Hajiya ya san haƙorin nan, ko dariya za ta yi sai ta karkata baki ta gefensa. Ashe duk shekarun nan asalin haƙorin da ke ƙarƙashin gwal ɗin ruɓewa yake yi, ba mai gani tunda a rufe yake.

Sati guda cur tana fama da ciwo ba wanda ya gaya mani, wai don kar in zo in ɗaga masu hankali da maganar asibiti. Yaya da ya mai da kansa likita, yau kanumfari, gobe jar kanwa, jibi ya aiko da ƙwaya daga kemis, a haka har kumatu ya ɗaga. Ranar Asabar da safe na shiga gaishe ta na tarar da ita zaune ta dafe fuska, ko kunu ba ta iya sha sai ta gefe ɗaya, shi kuwa gogan naku ya tafi kasuwa tun da sassafe. Wallahi raina ya ɓaci, ban nemi izinin kowa ba na sa mata hijabi na tare keke.

Babban asibiti muka fara zuwa, aka ce masu duba haƙori sai Litinin. Mai keken ya ce ya san wani wuri, ya kai mu wani ɗaki guda mai labule, mutumin ciki ya sa farar riga, kayan aikinsa a cikin kwanon silba ko rufi babu. Bai tambayi shekarunta ba, bai tambayi ko tana da wani ciwo ba, leƙawa kawai ya yi ya ce minti biyar zai tumɓuke shi. Na ce mashi tana da hawan jini da suga fa, sai ya ce mani me ya haɗa baki da hawan jini. Na ja hannun uwata muka fito yana ta mita wai mata masu boko sun fi kowa wahalar sha'ani. Daga nan na kira wata abokiyar aikina da mijinta ke aikin jinya, ta haɗa ni da shi, ya ce in nemi wurin da za a fara tambayar cututtukanta, a auna ta, a ɗauki hoton haƙorin, kuma a buɗe kayan aiki a gabana, ya kwatanta mani wani wuri da ke buɗewa ranar Asabar.

A can muka samu likita mace, 'yar Kudancin Kaduna, duk abin da aka ce mani ta yi shi. Da hoto ya fito ta nuna mani, ta ce saiwar ta mutu, ruwa ya taru, ba abin da za a ceta, in ba a cire ba abin zai iya haurawa sama. To a nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba. Hajiya kunnenta ya yi nauyi, sai an kai baki kusa take ji, don haka likitar ta ce in yi mata bayani da kyau in ta yarda a yi. Na san halin uwata, in ta ji kalmar cirewa tashi za ta yi ko da a rarrafe. Na duƙa a kunnenta na ce mata wanke shi za a yi a sa magani. Ta ɗaga kai alamar to, likita ta ɗauka ta amince, ni kuma na sa hannu a takarda. Aka yi allura aka cire, likitar da kanta ta wanke gwal ɗin ta naɗe a auduga ta ba ni, ta rubuta magani, ta ce kar a gasa wurin da ruwan zafi, in kumburi ya doshi ido ko zazzaɓi ya zo a kawo ta nan take.

Ba ta gane ba sai da muka koma gida allura ta sake ta, ta kai harshe ta ji wawulo. Ban taɓa ganin Hajiya ta yi irin wannan kukan ba ko ranar rasuwar Baba. Ta ce mani, “Ke ɗiyar nan, cikin kunnena kika sa baki kika yi mani ƙarya? Abin da ubanki ya bar mani ke nan.” Yaya na dawowa ya ɗora nasa, wai na tozarta ta, na kai ta inda ba a san darajar aikin hajji ba, wai da ma tun ina ƙarama raina mutane nake yi. Na ce mashi sati guda yana ina lokacin da bakinta ke ruɓewa, shi da ko hawan jininta bai san maganin da take sha ba. Ya ce in fita daga gidan ubansa, na ce gidan ubana ne ni ma, har maƙwabta suka leƙo. Abin da ya fi ƙona mani rai, maganin da na saya ya kwashe ya zuba a aljihu, wai ba za ta sha komai da ya fito daga wurin nan ba, ita ma don fushi ta goyi bayansa. Tun ranar in na je ba ta amsa gaisuwata, ta ce in na ƙara yi mata ƙarya ko ɗaya ba ta yafe ba duniya da lahira.

Yau Talata da safe matar Yaya ta kira ni a ɓoye, Allah ya saka mata, ita kaɗai ce mai hankali a gidan. Ta ce tun ranar Lahadi ake gasa fuskar da tsumma da ruwan zafi, abin da aka ce kar a yi, yanzu idon dama ya kusa rufewa, jikinta zafi rau, kuma Yaya ya yi magana da wanzami zai zo bayan la'asar ya yi mata tsaga a kumatu ya sa ƙaho, wai mataccen jini ne. Mai ciwon suga fa! Na kira likitar ta ce in kawo ta yanzu yanzu ta tura mu inda za a kwantar da ita, wannan ya wuce na shan ƙwaya. Na gaya mata abin da na yi ranar Asabar, ta yi mani faɗa sosai, ta ce ita ba za ta ƙara taɓa Hajiya ba sai ta yi mata bayani da bakinta. Na kira Yaya sau uku yana kashewa. Mijina ya ce kar in sa shi cikin rigimar gidanmu. Kawunmu da Yaya ke jin maganarsa yana Kaduna, wayarsa ba ta shiga.

To ga inda nake. Yaya yana kasuwa sai azahar. Matarsa ta gwada lallashinta, Hajiya ta ce ba inda za ta, sai dai in mayar mata da haƙorinta za a yi. Gwal ɗin yana jakata. Na san in na je na ɗora mata shi a tafin hannu na ce yau za a mayar, da kanta za ta nemi takalmi, alhali ba wanda zai mayar da komai a bakin da ke kumbure. In na faɗa mata gaskiya kuma ta juya mani baya, sai wanzami. Ni dai na fi son ta rayu ta yi ta fushi da ni, amma uwata ce, na ji abin da ta ce da kunnena, kuma Hajiya ba ta magana biyu.

Ina zaune a ofishin malamai na bar 'yan ajina ba kowa, sha ɗaya ta wuce. Wanda ya san wata hanyar da za ta fito da ita daga gidan nan kafin azahar ya faɗa mani. In babu, ku gaya mani tsakani da Allah, in je in sake duƙawa a kunnenta?