Kwalbar da Na Rubuta wa "Mai Lafiya"

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara da babansu? Ni lafiya lau, aiki da godiya.

To, lafiyar dai da sauƙi. Nemi wuri ki zauna.

Kin san a ɗakin bincikenmu muna auna jinin masu wata cuta da ba a cika gani ba, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yi wa mutum tabo a ciki. Akwai wani sinadari a jini, in ya hau, alama ce tabon ya yi yawa, cutar ta bazu. Aka nemi jinin mai lafiya don a kwatanta, na miƙa hannuna ina dariya.

Da sakamako ya fito, shugabarmu ta ce, "Wa ya cakuɗa min kwalabe?" Aka sake ɗiba. Yaya, nawa ya fi na rabin majinyatan! Innalillahi! Kumburin ƙasan haɓata da na ce miki sanyi ne, ashe ba sanyi ba ne. Likita ya ce awon jini kaɗai ba ya yanke hukunci, sai hoto ya nuna ko ta taɓa ƙoda. Akwai magani, ki kwantar da hankalinki.

Ki turo min hoton yara. Inna ta sa ni a addu'a, amma kar ki faɗa mata dalili.

Kwalbar tana nan a firij. Da hannuna na rubuta mata "mai lafiya", kuma har yau na kasa gogewa.

Ƙanwarki.