Tikitin da Na Ba Noemí

Ƙanwata Yesenia,

Gaisuwa daga Madrid. Ya jikin Mama? Ya mijinki Wilmer da yara? Ni ƙalau, aikin asibiti ne dai ba hutu.

Ga littattafai biyun da kika ce in zaɓa miki. Fara da labarin mai sayar da kifi, za ki sha dariya. Na biyun wasan kwaikwayo ne, ana nuna shi a nan, amma ban gani ba. Na saya mana tikiti ni da mijina Efraín, aka sa ni aikin Lahadi, sai na ce wa aminiyata Noemí, "Raka min shi, kar ya je shi kaɗai." Haka muka riƙa yi tun bara.

Makon jiya ya kwashe kayansa ya koma gidanta. Wai, "Milagros, asibiti kika aura, ba ni ba."

Don wa nake wahalar nan, Yesenia?

Ina cin abinci, kar ki damu. Ki riƙa rufe shagonki ran Lahadi, ki fita da Wilmer. Kar ki gaya wa Mama tukuna, har yanzu tana saƙa wa Efraín rigar sanyi.

Yayarki,
Milagros