Na Sha Giyar Mutanen Kudu, Zoila

Zuwa ga Zoila, sanyin idona, ƙanƙarar da ke kan dutsen Misti da hantsi, ruwan kogin Chili a tsakiyar rani, mai tukunyar da ta hana samarin Arequipa barci! Gaisuwa daga El Bolsón, can ƙarshen Ajantina, inda sanyi ke shiga ƙashi ba sallama.

Zauna tukuna, ki ajiye ludayin nan kada ki jefi wani. Na sha giyar da ba ke kika dafa ba! Ni, Eulogio, wanda ya rantse a gaban mahaifiyarki cewa in ba chicha ɗinki ba, giyar nan ta baƙar masara, gara ya sha ruwan wanki. To ya zan yi? Na gama yi wa Don Anselmo, mai dafa giya a garin nan, waldar tukwanensa na ƙarfe, tsohon ya kama hannuna ya ce, "Ɗan Peru, wanda ya ɗinke tukunya bai ɗanɗana abin cikinta ba, zagi ne." Ya tsiyayo mini wata ja wur, ta sha'ir da wani koren fure mai ɗaci da suke nomawa a bayan gida. Kurɓin farko na yamutsa fuska kamar an taka mini yatsa. Sai matarsa ta ajiye gasasshen ɗan rago, kitse na ɗiga, sai ga ɗacin nan ya zama alheri! Washegari suka ba ni baƙa ƙirin mai ƙamshin gahawa, da bandar kifin tafkinsu. Wallahi, da ƙyar na tashi daga benci.

Amma kin san abin da na tuna ina cikin lasar yatsa? Ranar da na fara shiga rumfar abincinku, ina hura hanci, na ce ki ba ni tattasan da ya fi kowanne zafi, irin wanda kuke cusa wa nama. Loma ɗaya, hawaye ya wanke mini gemu. Kika tsaya kina kallona, hannu a ƙugu, kika ce, "Malam, gobarar ta kai ciki ko a kira maƙwabta?" Sannan kika turo mini ƙaton kofin nan da sai an kama shi da hannu biyu. Wace giya a duniya ta taɓa kashe wuta ta kunna wata a lokaci guda? Tun ranar nake ƙuna, Zoila, kuma duk dusar ƙanƙarar kudu ba ta sa na huce ba!

Ga maganar da ta hana ni sukuni. Don Anselmo ba shi da ɗa, hannunsa kuma ya fara rawa. Yana so in zauna, in koyi dahuwar, mu raba wurin. Na ba shi labarin miyar jatan landenki har ya haɗiyi yawu, ya ce jar giyarsa tun da aka halicce ta irin wannan miya take jira. Akwai madafa a gefe, ba kowa a ciki sai kyanwa. Ya ba ni zuwa ƙarshen girbin furen in ba shi amsa. Na ce masa bakina yana nan, amma amsar tana Arequipa tana tace masara.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Mahaifiyarki, rumfarku, tulunan kakarki, wa zai bar su don wani mai walda da ba ya iya cin yaji? Ban ce ki bari ba. Na ce ki zo ki kurɓa sau ɗaya da bakinki, bakin nan da bai taɓa yi wa tukunya ƙarya ba. In kin ce ta yi, mu kori kyanwar. In kin taɓe baki, a ranar zan naɗe kayan aikina in biyo ki, tsohon ya nemi wani magajin. Ni dai ba ni da gari sai inda wutarki take ci.

Naki, a kudu ko a arewa, har ranar da ƙasa za ta rufe idona,

Eulogio