Na ɓoye wa likita abin da Baba ya faɗa kan numfashinsa na safe

Salama gare ku masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, zagin da nake wa kaina ma ya isa.

A Diffa muke. Babana manomin tattasai ne daga wajen Gueskérou, mun dawo gari lokacin tashin hankali. Huhunsa ya gaji ƙwarai, sai yayana da ke aiki a Yamai ya samo masa injin da ke tura masa iska, da robar da ake ɗaura masa a hanci da baki in zai kwana. Barcinsa ya gyaru, amma safiya ta zama azaba. Da an cire robar sai numfashi ya tsaya masa a ƙirji, ya dafa gwiwa yana haki, ko buta ba ya iya ɗagawa, rana na fitowa bai yi asuba ba. Ni ce mai cire masa. Kuma wallahi ƙyama nake ji. Yawu da kaki sun kwana a ciki, ga wari mai ɗumi, ga santsi a yatsuna. Sai in fizge ta da sauri, in jefa cikin kwano, in fita tsakar gida ina tofar da miyau, ina jin hakinsa ta bayan labule. Wace irin ƴa ce ke yin haka? Mutumin da ya goye ni ya tsallaka kogin Komadugu da ni!

Abin da ya fi muni a asibiti ya faru. Baba Kanuri kawai yake ji sosai, likitan kuwa baƙo ne, ni ce tafinta. Likita ya ce, "Tambaye shi, da safe in an cire injin yana jin numfashi na ƙwace masa? In haka ne sai mu sake daidaita ƙarfin iskar." Baba ya kama hannuna ya ce, "Ƴata, gaya masa kullum safe ji nake kamar ruwa ya ci ni, kuma ni kaɗai nake a ɗakin." Yayana, da ya zo daga Yamai, na tsaye a ƙofa yana waya. In na faɗa, ba za a ce ina nake a lokacin ba? Na dubi likita na ce, "Ya ce lafiya lau, sai ɗan tari." Ya rubuta, ya sallame mu.

A hanya Baba ya ce, "Tunda ya ji bai taɓa komai ba, to babu magani ke nan. Allah ya yi miki albarka da kika faɗa masa." Na ce amin. Da wannan bakin na ce amin!

Yanzu kwana shida ya ƙi sa injin, wai gara ya kwana a zaune da ya tashi cikin wannan shaƙa. Leɓɓansa sun yi duhu, yana gyangyaɗi tsakar magana. Yayana na ta yi masa faɗa ta waya, wai taurin kan tsufa ne, ni kuma ni ce ke riƙe da wayar a kunnen Baba. Ƙyamar da nake wa robar nan ta koma kaina, ko abinci ba ya shiga.

Na san dole a mai da shi asibiti. Amma in na ce likita bai taɓa jin maganarsa ba, Baba zai tambaye ni dalili. In gaya masa ƙyamarsa nake ji? Jama'a, me zan yi?