Kafaɗar Isiyaku ta fara sakewa

Hajo ƙanwata, salamu alaikum. Ina gajiya, ina Malam da yara, ya zaman Makka? Mu nan Kamlin lafiya lau.

Jikana Isiyaku ya gurɗe kafaɗa wurin kokawa, ga cirar auduga ta matso, kuma shi kaɗai ke riƙe da gonar. Sai na tuna tausar da Inna ke yi wa Baba in ya dawo noma. Na ɗumama man riɗi, na bi jijiyar da babban yatsa. Yana ta ihu, "Tsohuwa, kin fi wanda ya kayar da ni mugunta!" Na ce, "Yi shiru, sarkin ƙarfi."

Kwana bakwai ke nan, yau da hannun ya ɗauko mini tulu. Ki sa mu addu'a a Harami. Ki gai da Malam.