Rigar Baba a Ɗakin Dodon Koɗi

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da yara. Yaya ƙafar Inna, tana takawa kuwa? Ya ƙarin haƙurinmu?

Ni lafiya lau, kada ku damu. Ina nan ina kiwon dodon koɗin da na gaya miki, irin da bai fi ɗari biyu ya rage a duniya ba. Ɗakinsu har da na'urar ɗumi, nawa kuwa bargo biyu ne. Kin san saboda ƙwansu na ƙyanƙyashewa aka hana ni zuwa gida da Baba ya rasu.

Rigarsa da kika aiko ta iso, da ƙamshin turarensa kamar yanzu ya tuɓe ta. Na sa ta ƙarƙashin rigar aiki na shiga ɗakinsu, na manta ba a shiga da turare. Washegari uku suka mutu. Awa biyu aka yi ana taro a kansu, har wata ta yi hawaye. Ni ranar rasuwar Baba "sannu" ɗaya na samu, mai faɗin ma idonta na kan ma'aunin zafi.

Shugabarmu ta ce in wanke tufafina kaf da sabulunsu, in ba haka ba a bakin aikina. Na wanke, Yaya, har sau uku. Rigar ta fita fes, ba ta ƙamshin kowa.

Ki gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Hularsa da kika ce za ki aiko, ki bar ta. Ki sa ta a akwati, ki rufe sosai.

Ƙaninki.